Kwana Bakwai da Inna Ta Yi a Tsibiri

Darussalam, Tanzaniya
Laraba, 2 ga Yuli

Zuwa ga Hamma Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Adda Dela da yara da duk mutanen gidanmu na Roni. Ya damina, ya aikin makaranta? Mu nan lafiya lau. Jariri ya cika wata biyu jiya, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Babansa Musaddiƙ ya gama jarrabawarsa, ya ce a gaishe ka.

A takarda na rubuta na ɗauki hoto, yadda ka fi so, don na san in na yi saƙon murya a tsakar gida za ka kunna kowa ya ji. Maganar nan kuwa ina so ka karanta kai kaɗai kafin ka fara faɗa.

Inna ta gaji da zaman nan, Hamma. Ba ta faɗa ba, amma ina gani. Matar da ta saba da asuba tana cikin shanu, yau kusan wata uku tana hawa na uku a bene. Tun da na gama wankan jego ba ta da abin yi sai zagaye daga taga zuwa ƙofa, tana tambaya ko an yi ruwa a gida. Abinci ma kaɗan take taɓawa. Ka dai san tun rasuwar mahaifinmu Baffa, shekara shida ke nan, ba ta koma yadda take ba.

To Musaddiƙ ya ce kafin ta koma gida mu kai ta wani ɗan tsibiri da abokan karatunsa suke zuwa hutu. Tafiyar awa biyu ce a mota, sai awa ɗaya da rabi a jirgin ruwa. An ce ƙarami ne sosai, mutum yana zagaye shi da ƙafa tsakanin hantsi da azahar. Mutanen wurin Musulmi ne, masunta, kuma suna da shanu. Da Inna ta ji maganar shanu ta ɗago kai ta ce, “A tsakiyar ruwan?” Shi ne karon farko da na ga wani abu ya ba ta sha'awa a ƙasar nan.

Litinin za mu tafi, Alhamis mu dawo. Jirgin samanta na Kano sai Talata, 15 ga wata, ba abin da zai taɓa shi. Don Allah ka sa mana albarka.

Ƙanwarka,
Nafisat

Roni
Juma'a, 4 ga Yuli

Nafisat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya. Ruwa ya zauna, mun gama noman farko a gonar bayan dutse, shanu sun fara cikowa. Dela tana gaishe ki, ta ce a ƙaro mata hoton yaron.

Albarka kam na sa, amma raina bai kwanta ba. Inna ce fa, wadda in muka zo wucewa ta gefen dam ɗin Kazaure take juya kai ta kalli duwatsu har sai mun wuce. Ita za ku ɗora a kan teku? Ga hawan jini. Ga jariri ɗanye. Kun tambaya ko akwai likita a wurin? Mu da muka aika ta ta kula da ke, ba mu aika ta yawon buɗe ido ba. Amma na san ki, tun kina ƙarama in kika ce “don Allah” to kin riga kin gama shiri. Ki ɗauki maganinta gaba ɗaya, ba na kwana uku kawai ba. Ki rubuto mini da zarar kun sauka.

Shekaranjiya na je Gwiwa, na leƙa Kawu Daudu. Ba ya jin daɗi. Ya tambaye ni ranar da Inna za ta dawo. Kada ki ɗaga mata maganar tukuna, kin san yadda suke.

Yayanki,
Haladu

Tsibiri
Talata, 8 ga Yuli

Hamma,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri ban rubuto jiya ba, ban samu kaina ba.

Ka yi gaskiya, ban so in faɗa ba amma ka yi gaskiya. Da muka taso ruwan a kwance yake. Muna yin nisa iska ta taso, jirgin ya riƙa hawa yana faɗowa, ruwa yana watso mana a fuska. Inna ta riƙe katakon da take zaune da hannu biyu tana salati, can ta fara amai, daga baya salatin ma ya tsaya. Da muka iso ba ta iya miƙewa ba, Musaddiƙ da wani mutum ne suka ɗauko ta. Likita babu. Sai wani ɗan ɗakin shan magani da ma'aikaciya ɗaya, ta auna ta, ta girgiza kai, ta ce jinin ya hau sosai. Ni ga goyo, ga kuka, ban san wanda zan kama ba.

Yau dai, Hamma, Inna ta huta. Duk nauyin nan da take ɗauke da shi tun rasuwar Baffa, yau na ga ya sauka daga fuskarta. Matan gidan da muka sauka sun yi mana abin da ko 'yan uwa sai haka. Da hantsi muka fito da ita muka shimfiɗe ta a ƙarƙashin

Roni
Laraba, 9 ga Yuli

Nafisat,

Shafi ɗaya ne kawai ya shigo mini, kuma ya yanke a tsakiyar magana. Na kira ki ya fi sau ashirin, na kira Musaddiƙ, duk a kashe.

Me kike nufi da Inna ta huta? A ina kuka shimfiɗe ta? Ki faɗa mini ƙarara. Ni ba yaro ba ne. Ban gaya wa kowa ba, ko Dela.

Haladu

Roni
Juma'a, 11 ga Yuli

Nafisat,

Ina gaishe ku, in dai wannan za ta same ku. Yau kwana uku ba amsa. Jiya ya kamata ku dawo Darussalam. Na nemo lambar wani ɗan Babura da ke karatu tare da Musaddiƙ, ya je gidanku ya tarar da ƙofa a kulle.

Ina shiga aji in tsaya da alli a hannu in manta abin da zan rubuta. Takardarki na karanta ta har na haddace. In na karanta da safe sai in ga barci kike nufi, in na karanta da yamma sai in ga ɗaya abin. Dela ta gane akwai magana. Jiya ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina ta ce, “Malam, in wani abu ne ya sami Inna ka faɗa, kada mu ji a bakin mutane.” Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Ga kuma abin da na rage miki a takardar farko. Kawu Daudu ba ƙaramin ciwo yake ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun makon jiya. An kai shi asibiti a Kazaure, an yi abin da za a iya, an dawo da shi Gwiwa. Harshensa ya yi nauyi, amma kullum sunan Inna yake kira. Na ɓoye ne don ina tsoron hawan jininta, kuma ina tsoron ta ce ba ruwanta, tunda shekara shida ba sa magana. Na ɗauka akwai lokaci.

Yau bayan masallaci na koma wurinsa. Ya kama rigata da hannun hagu ya ce, “Adda Fatu fa?” Na tsaya ina kallonsa. In ce tana hanya, alhali wataƙila an binne ta a wani tsibirin da ko sunansa ban iya faɗa ba? Na ce masa tana gaishe shi. Allah ya yafe mini.

Ki amsa, ko kalma ɗaya ce.

Haladu

Tsibiri
Asabar, 12 ga Yuli

Hamma,

INNA TANA DA RAI. Lafiyarta ƙalau. Yanzu haka ina hango ta tana faɗa da wata saniya.

Innalillahi, Hamma, ka yafe mini! Yau da safe sabis ya dawo, takardunka biyu suka shigo tare, na karanta. Na koma na duba tawa na ga inda ta yanke. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro muka shimfiɗe ta, a kan tabarma, ta yi barcin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta tashi ta cinye kwanon shinkafa da kifi. Abin da ke shafi na biyu ke nan. Nan wuri ɗaya ake samun sabis, a gindin wata kuka kusa da makarantar firamare. Na tura hotuna biyu na juyo, ban san ɗaya ne ya tafi ba. Da yammar ranar iska ta lalata ƙarfen sabis ɗin. Ita ce kuma ta hana jiragen ruwa tashi har yau. Na gwada kiran ka ɗazu, ba ya shiga, rubutu kawai ke wucewa.

Bari in ba ka labarin wurin ko hankalinka ya dawo. Ƙasar bakin ruwan fara ce fat, laushinta kamar garin tuwo. Babu mota ko ɗaya. Da safe teku yana janyewa ya yi nisa, ya bar jiragen masunta a kwance a kan yashi. Ranar farko da Inna ta ga haka ta ce, “Wa ya kwashe ruwan?” Da ya dawo da rana ta tattara zaninta ta koma tudu, ta ce ba ta yarda da ruwan da ke tafiya ya dawo ba tare da an yi hadari ba. Akwai Turawa 'yan yawon buɗe ido a wani masauki can gefe. Ta dube su kwance a rana ta ce sun taso tun daga ƙasarsu don su shanya kansu kamar kuɓewa.

Mai masaukinmu wata dattijuwa ce, Bi Tatu. Ba ta jin Hausa ko Fulatanci, Inna ba ta jin Suwahili, amma tun safe suna tare. Shanunsu ƙanana ne, ba su kai maruƙanmu na shekara biyu ba. Inna ta ga yadda ake tatsa ta kasa haƙuri, ta karɓe ƙwarya. Ta wanke wa wata saniya miki a ƙafa, ta koya wa matan yin kindirmo, su kuma suna koya mata kankare kwakwa. Shekaranjiya na ji ta tana dariya da ƙarfi har na fito in ga ko wace ce.

To ga matsalar. Ta ce ita da jirgin ruwa har abada. Ta ce, “Ku tafi ku bar ni nan. Akwai masallaci, akwai nono, akwai maƙabarta. Me ya rage?” Na ɗauka wasa take. Ba wasa take ba.

Maganar Kawu kuma, Hamma, ba ka kyauta ba. “Ba ya jin daɗi” ai mura ce ko zazzaɓi. Da ka faɗa mini gaskiya da ba mu tako nan ba. Na gaya mata ɗazu. Ta ci gaba da wanke ƙwarya, can ta ce, “Allah ya ba shi lafiya. Da aka fitar da gawar ubanku yana ina?”

An ce wataƙila jirgi ɗaya ya gwada tashi jibi Litinin. In ba ta shiga shi ba, na Kano ya wuce ta. Ni na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Nafisat

Gwiwa
Lahadi, 13 ga Yuli

Nafisat,

Alhamdu lillahi. A bakin masallaci na karanta layinki na farko, na zauna a ƙasa, mutane suka taru a kaina suna tambaya ko lafiya. Na ce lafiya ce ta sa. Faɗan da kika yi mini na karɓa, ina da laifi. Naki laifin mu bar shi sai kin dawo.

Daga gefen shimfiɗar Kawu nake rubutu. Jikin ya ƙara sauka, kunu ma sai da cokali. Na gaya masa inda Inna take da abin da ta ce, ban rage komai ba, na gaji da ragewa. Ya yi hawaye. Ya ce in rubuta wannan, ki karanta mata yadda yake. Ya ɗauki kusan awa guda kafin ya gama, ni na haɗa kalmomin:

“Adda Fatu, ni ne Daudu. Ranar da muka yi rigimar rijiya da mijinki na ce ba zan sake taka gidansa ba ko gawarsa aka fitar. Wata ɗaya a tsakani aka fitar da ita. Na zo, Adda. Na taho a babur har bakin Roni, na tsaya a gindin dutse, na ga an wuce da shi. Maganar da na faɗa ce ta riƙe mini ƙafa. Na bi sahun baya a maƙabarta, na juya kafin a gan ni. Ke kika goye ni da uwarmu ta rasu. Ban ce ki zo ba, an ce ruwa ya tsare ki. Ki dai ce kin yafe, Haladu zai gaya mini.”

Shi ke nan. Kada ki matsa mata a kan jirgin. In tekun bai kwanta ba ban yarda ku shiga ba, tikiti ya daɗe bai ƙone ba. Kwana ukun nan da na yi ba na son in sake irinsu. Kalmar kawai ki samo mana, kuma ki hanzarta.

Haladu

Tsibiri
Litinin, 14 ga Yuli

Hamma,

Gaisuwa, da fatan jikin Kawu da sauƙi. Kalmar ban samo ba. Inna ce ta taho da kanta.

Jiya bayan la'asar na karanta mata. Da na zo wurin dutse ta ce, “Maimaita.” Na maimaita. Ta ce, “Wane dutsen?” Na ce bai faɗa ba. Ta ce, “Na wajen makarantar ne. Na ga wani a tsaye da babur ranar, na ce ko baƙo ne.” Na jira ta ce ta yafe. Sai ta miƙe ta yafa mayafi ta ce Musaddiƙ ya raka ta wurin mai jirgi.

Mutumin yana gyaran raga a bakin ruwa. Musaddiƙ yana fassara. Ta ce a tambaye shi gobe zai tashi? Ya ce in iska ta sassauta da sassafe zai gwada, don akwai mara lafiya da kifin da zai lalace, amma ba tafiyar tsofaffi ba ce. Ta ce, “Gaya masa na girmi injinsa.” Ya yi dariya ya ce to, amma jariri kam ba zai ɗauka ba ko za a yanka shi. Na gaya mata ka ce kada a shiga in ruwa bai kwanta ba. Ta ce, “Haladu ne ya haife ni?” Na ce to ki faɗi kalmar mana in tura, ko da wani abu. Ta ce, “Ba a aika irin wannan.”

Saboda haka ni da yaro muna nan wurin Bi Tatu, Musaddiƙ zai dawo ya ɗauke mu in ya sa ta a jirgin sama. Da safe matan gidan duka suka raka ta. Bi Tatu ta ɗaura mata sabon zani a kafaɗa, suka rungume juna kowa tana magana da yarenta. Aka saka mata rigar nan mai hana nutsewa a kan hijabi. Ruwa ya kai mata gwiwa kafin ta kai jirgin, ba ta waiwayo ba. Na ga leɓenta yana motsi, hannunta a kan kafaɗar Musaddiƙ.

Na tsaya da goyo ina kallo. Jirgin yakan ɓace a bayan igiyar ruwa har in ce shi ke nan, sai ya sake ɓullowa. Da na daina ganinsa na tafi gindin kuka na zauna da waya a hannu. Awa ɗaya da rabi ta wuce, biyu ta wuce, uku. Na zagaye kukar nan ban san sau nawa ba. Yanzun nan saƙon Musaddiƙ ya shigo: sun sauka, a jiƙe sharkaf, ta yi amai amma da ƙafarta ta fito.

Gobe da yamma jirginsu zai tashi, ɗan Baburan nan ne zai rako ta. Laraba da rana suna Kano. Ka ce wa Kawu ya jira.

Nafisat

Gwiwa
Litinin, 21 ga Yuli

Nafisat,

Assalamu alaikum. Na ji kun koma Darussalam lafiya ke da yaro, alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙurinmu? Kamar yadda na gaya wa Musaddiƙ a waya, Kawu ya cika ranar Asabar bayan sallar asuba. Yau aka yi addu'ar uku, mutane sun zo daga Roni da Kazaure har da Yankwashi. Inna lafiyarta ƙalau, tana shan maganinta. Ta ce sai an yi bakwai za ta koma gida.

Kin ce in rubuto miki yadda suka haɗu, kada in rage komai. To ga shi.

Na ɗauko ta a Kano da azahar. Ta rame, ta yi baƙi, amma tafiyarta ta canza, ni nake bin ta a baya da jaka. Da muka zo Kazaure na ce mu biya Roni ta yi wanka ta ci abinci. Ta ce in ina jin yunwa in sauka ta tuƙa da kanta.

La'asar sakaliya muka shiga Gwiwa. Matan gidan suka taso za su fara kuka, ta ɗaga musu hannu suka yi tsit. Ta shiga ɗakin, ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallonsa. Ni ina bakin ƙofa. Sai ta ce, “Wa ya bar shi da wannan rigar? A kawo ruwan ɗumi.” Ita ta goge masa fuska da wuya, ta canza masa riga, ta karɓi kunu ta ba shi. Cokali tara ya sha, wanda rabonsa da haka an fi mako. Tana ba shi tana yi masa labarin tekun da Fulatanci, wai akwai ruwan da ke tafiya kiwo da safe ya dawo da rana, da shanun da za ka iya saɓa ɗaya a kafaɗa. Yana bin bakinta da ido.

Da ta ajiye kofin ya kama bakin mayafinta. Ya yi ta ƙoƙari, muna ji, har ya samu ya ce, “Adda. Yafe.”

Ta cire hannunsa daga mayafin ta riƙe a nata. Ta ce, “Kai ma dai Daudu. Ai tun a tsakiyar ruwa na yafe maka. Na ɗauka ni zan riga ka.”

Ya yi dariya, Nafisat, da rabin bakin da ya rage masa. Ni kuwa na fita waje.

Ki shafa mini kan yaron.

Yayanki,
Haladu